Abin da Ghissa Ya Binne

Hansai na tace ruwan wanke-wanke da tsohon kallabi lokacin da dutse ya faɗo a kan rufin ɗakin. Rufin na ƙarfen tano ne, gangunan man nan da ake fasawa a miƙar, don haka ƙarar ta cika gidan har akuyar da ke turke ta zabura. Hansai ba ta saki kallabin ba. Sai da ta matse shi tas a cikin bokiti, ta ja bokitin jikin bango inda ƙafa ba za ta ture shi ba, sannan ta miƙe. A gidan nan ko gobara ake yi sai an fara gyara wa ruwa zama.

Dutse na biyu ya daki ƙofa.

"Buzu, hito," in ji wata murya daga waje. Muryar Kalilu ce, mutumin Tawa mai faci a tashar Akokan, maƙwabcinsu da bango ɗaya ya raba su.

Mijinta Ghissa na zaune a inuwa yana fifita gawayin shayi. Ya ajiye mafici, ya ja amawalin rawaninsa sama har ya rufe karan hanci, kamar yadda yake yi in zai gaida manya.

"Hansai, ka zauna ciki," ya ce. Sun haura shekara ashirin da aure, har sun aurar da 'yarsu Zinatu a Agadas, amma Hausar Ghissa ba ta taɓa yarda cewa matarsa mace ce ba.

"Baban Zinatu, kada ka buɗe. Ba ka ji yawansu ba?"

"Mutum an yi masa mutuwa. In ya kira, a amsa."

Da hantsi labarin ya shigo gari. Wata kamyo, babbar motar kaya, da ta taso daga Agadas da buhunan hatsi ta taka nakiya a hanya, saura kaɗan ta iso Arlit. Tun da tawayen Buzaye ya dawo cikin duwatsu, ba mai hawa hanyar nan bai nemi gafarar iyalinsa ba. Cikin waɗanda suka mutu har da Zayyadu, ƙanen Kalilu, aparanti, wato yaron motar, saurayi mai surutu da ba ya wuce ƙofar kowa bai tsokane shi ba. Abin da aka iya tsintowa nasa a buhu aka kawo shi, ko wanka ba a samu yi masa ba. Hansai ta shiga gaisuwa da kwanon kwaɗon zogale a hannu, ta yi kuka na gaske tare da matan gidan. Ghissa ma ya bi jana'iza. Ya tsaya a sahun baya, ya kuma lura babu wanda ya miƙa masa hannu.

Yana zare sakata suka fizgo shi waje. Hansai ta biyo da gudu, ta tarar layin ya cika da maza, yawancinsu fuskokin da ta sani, ƙurar maƙabarta ma ba ta bar ƙafafunsu ba. Wani ya rafka wa Ghissa sanda a gadon baya. Wani ya share ƙafafunsa ya faɗi. Kalilu ya ɗaga ƙarfen da yake ɓare taya da shi ya sauke, Ghissa ya tare da hannun dama, hannun ya yi ƙara irin ta busasshen kara. Bai yi ihu ba. A gidansu an koya masa cewa namiji ba ya kuka a gaban mutane, kuma shirun nan nasa ya ƙara tunzura su, suka ɗauke shi taurin kan mai laifi.

Sai wani ya kama bakin rawanin ya ja. Ƙyallen ya yi ta warwarewa, kan Ghissa na juyawa da shi, har ya fita duka aka jefar a ƙasa. Mutanen da suka zauna da shi shekara da shekaru yau suka fara ganin fuskarsa: farin gemu, kumatu a shafe, haƙoran gaba biyu babu. Tsoho ne ashe. Takalma na sauka a haƙarƙarinsa da kansa, amma hannun da ya rage masa bai kare kai da shi ba, bakinsa ya rufe.

Hansai ta faɗa kansa. Wani ya ɗauke ta da mari, ta ji gishirin jini a bakinta, wani ya ja ta ta baya ya watsar jikin bango. Ta tashi ta riƙe rigar Kalilu.

"Kalilu, me ya yi maka? Ko ɗazu abincin gidan nan aka ci a gidanka."

"Sake ni, Uwar Zinatu." Idanunsa sun yi ja, muryarsa ta dishe. "Na gane shi da idona. Ran nan da asuba na hau gyaran ruhin ɗakina, na hango shi durƙushe bayan ɗakinku shina bizne nakiyoyi. Zagayayyu, da marhin ƙarhe kore, a jere. Na yi shiru don maƙwabtaka. Shirun nan nawa shi ya kashe Zayyadu."

Hansai ta saki rigar. Da ba a cikin jini suke tsaye ba, da dariya za ta yi.

Tun da kasuwar uraniyom ta faɗi aka rage ma'aikata, Ghissa ya bar gidan kamfani da famfonsa, suka dawo wannan unguwa ta laka da ƙarfen tano, inda ruwa sai an bi layi da jarka, wadda a nan ake kira bido. Raƙuman gidansu da ke wajen Dannet fari ya cinye su ɗaya bayan ɗaya. Hansai kuwa 'yar Mirya ce, ta ƙasar Damagaram, jikar masu ginin tukwane, kuma ba ta iya zama ba ganye a miya. A gidanta ruwa sai ya yi aiki uku kafin a sallame shi. Wanda aka wanke shinkafa da shi, shi za a wanke kwanoni da shi, da toka ba da omo ba, don omo na ƙona saiwa. Alwala a kan tasa ake yin ta. Daga nan a haɗa, a tace, a kai bayan ɗaki. Can ta binne tuluna har wuya, irin na laka da ba a shafe ba, ta shuka yakuwa da kuɓewa da tumatir da albasa kewaye da kowanne. Tulun na tsatsafo da ruwa a hankali ta ƙarƙashin ƙasa, rana ba ta samun rabonta. Ghissa ya yanka musu murafe daga gindin wani koren tano don kada yashi ya shiga. Da ganyen nan suke ci, da shi take samun na sabulu da sukari.

Ruwan garin yana da gishiri, yana toshe jikin laka. Lokaci-lokaci sai an tono tulunan an kankare su an mayar. Wannan aikin Ghissa ne, kuma da asuba yake yin sa, a ɓoye, bayan shingen da ya ɗaga ya fi tsayin mutum. Ɗan masu raƙuma, a gan shi durƙushe yana wa kuɓewa hidima da ruwan wanke-wanken mata? Ya gwammace a ce ba ya aikin komai. Ya roƙi Hansai kada ta shigar da kowa, ita kuma ta rufa masa asiri. Mata a bakin ƙofa suke karɓar ganyensu. A duk layin mutum ɗaya ne ya san abin da ke bayan shingen, shi ne wanda ya yi ta ɗauko mata tulunan daga kudu a motarsu, kuma shi aka binne ɗazu.

"Tuluna ne," ta ce. Ta juya ga jama'a ta ɗaga murya. "Tulunan ban-ruwa ne. Ku shigo ku gani."

Ba wanda ya motsa. Waɗanda ke kusa da ƙofar ma suka ja da baya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, su kuwa ɗazu suka ga abin da nakiya ke mayar da mutum.

"Mu shiga ta tashi da mu?" in ji wani. "Bakinsu ɗaya."

"Bahaushiya ce amma nonon Buzaye ta sha," in ji wani daga baya.

Wani mai jar hula ya kutso da kwalbar esansi, fetur ɗin nan da ake sayarwa a bakin hanya. Ya cire toshiyar da haƙori ya tuttule ta a kan Ghissa, daga gemu har gwiwa. Warin ya tashi cikin zafin la'asar. Aka mirgino tsohuwar taya daga rumfar Kalilu. Mai jar hula ya shiga laluben aljihunsa, bai samu ashana ba, ya ce wa ke da ita.

Tsoro ya kama Hansai irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta ga magana ta ƙare. Ta ruga cikin gida ta ɗauko taɓarya, ta zaga ta lungun ɗaki. Shingen lambun, ta ɓangaren da ke kallon layi, fallayen tano ne da aka ɗaure da waya a jikin itace. Ta sa taɓarya ta doki itacen, ta sake doka, ta jingina kafaɗa ta tura. Shingen ya kwanta cikin layi da ƙara.

Ga lambun a fili. Ɗan wuri ne, bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, kore shar a tsakiyar garin da ko ciyawa ba ta fitowa. A tsakanin ganyayen kuwa ga murafen nan, zagayayyu, kore, a jere, daidai yadda Kalilu ya faɗa. Jama'a suka watse baya suna ture juna. Wasu suka kwanta rub da ciki. Mai jar hula ya laɓe bayan bangon wani gida, kansa kawai ke leƙowa.

Hansai ta durƙusa ta ɗaga murfin farko, ta zura hannu, ta ɗebo ruwa ta watsa sama.

"Ruwa ne. Kun gani?"

"Ruwa a sama," in ji Kalilu. Shi kaɗai bai gudu ba, yana tsaye kan Ghissa da ƙarfensa. "Mi ke ƙasa?"

Ta mayar da murfin ta hau kansa da ƙafa biyu. Ta yi tsalle ta dira. Ba abin da ya faru.

Wani tsoho da ya yi aikin fasa dutse a ƙarƙashin ƙasa kafin a sallame shi ya ɗago kai daga inda yake kwance. "Wannan ba shaida ba ce," ya ce. "In ta mota ce ko jaki ya taka ba ta tashi. Sai nauyi, ko bugu mai ƙarfi har ƙasa."

Ba da mugunta ya faɗa ba, abin da ya sani ya faɗa. A garin nan kowa malami ne a kan nakiya. Hansai ta dubi tulun da ke ƙarƙashin ƙafarta. Hanya ta lalace, ba mai sake kawo tulu daga Mirya bana, wataƙila har baɗi. In babu su, kwana kaɗan rana za ta mayar da wurin nan yashi. Ta dubi mijinta, yana kwance cikin esansi da hannu a baki, idonsa ɗaya ya rufe da jini, ɗayan na kallon ta.

Ta sauka, ta ture murfin da ƙafa, ta ɗaga taɓarya da hannu biyu kamar mai sussuka, ta ce bismillahi, ta sauke.

Tulun ya fashe da wata 'yar ƙara marar ƙarfi. Ta sake bugawa har taɓaryar ta nutse cikin laka. Ruwan ya bi yashi ya yi baƙi. Ta sa hannu ta zaro kasko, fararen saiwoyi sun lulluɓe shi kamar gashi, ta jefa shi tsakiyar layi.

"Ɗaya kenan," in ji wani. "Sauran fa?"

Ta matsa kan na biyu. Kuɓewar da ke jikinsa ta fara fure, taɓarya ta haɗa da ita. Na uku ya yi gardama, sai da ta buga sau da yawa. Tana bugu tana kuka, ba kukan roƙo ba, na baƙin ciki da fushi, majina da jinin leɓe na haɗuwa a haɓarta. Wani kasko ya yanke ta a tafin ƙafa, ba ta tsaya ba. Tumatir ya fashe a ƙarƙashin dugaduganta, albasa ta tumɓuke. Duk wanda ta fasa sai ta zaro gindinsa ta jefa musu. Ruwan da ta yi ta tarawa tasa-tasa, na shinkafa da na alwala, ƙasa ta shanye shi a gabanta. Waɗanda suka kwanta suka fara tashi suna kakkaɓe riga. Ba mai kallon ɗan'uwansa.

Saura ɗaya, babban da ke gindin zogale a kusurwa. Hansai ta tsaya tana haki. Hannuwanta sun yi kanta sun fashe. Ta share yashin da ke wuyan tulun da ƙafa, sai ga baƙar robar tayar mota da aka naɗe wuyan da ita, an ƙulle ta da irin ƙullin da 'yan mota ke ɗaure tanti. Ta ja taɓaryar har gaban Kalilu ta jefar a ƙafarsa.

"Wannan kai za ka fasa shi."

Kalilu ya dubi taɓaryar, ya dubi tulun.

"Zayyadu ya kawo min shi. Ya ce a bayan mota zai fashe, sai ya naɗe wuyan da roba ya rungumo shi a cinya tun daga Damagaram. Ni ba zan iya ba. Ɗauki."

Ƙarfen da ke hannun Kalilu ya yi ƙasa. Ya tuna. Bara ne, yaron ya shigo gida yana tafiya a tale kamar wanda aka yi wa kaciya, yana cewa shi dai ya yi goyo kafin ya yi aure, wata tsohuwa ta sa shi renon tulu tun daga kudu. Har matar Kalilu ta ƙware don dariya. Ba wanda ya tambaye shi wace tsohuwa.

Ya taka shingen da ya faɗi, ya bi ta cikin laka da kasake har gindin zogalen. Ya durƙusa ya taɓa ƙullin robar da yatsa, ya daɗe yana taɓawa. Sannan ya juya ya zauna daɓas a kan koren murfin, ya kifa kai a gwiwa, kukan da bai yi a maƙabarta ba ya ƙwace masa.

Daga nan taron ya fara zarewa. Kowa ya tuna yana da abin yi. Mai jar hula ya bi ta bayan gidaje, ya bar kwalbarsa. Tsohon mai fasa dutse ya tsaya ya ce Allah ya kiyaye gaba, bai samu mai cewa amin ba, shi ma ya tafi. Tayar na nan kwance inda aka bar ta.

Hansai ta nufi mijinta. Rawanin na cikin ƙasa an tattake shi, ya sha esansi. Kafin ta duba hannu ko ido, ta cire mayafinta ta naɗa masa a kai, ta ja gefe ɗaya ta rufe masa baki da hanci. Sai a lokacin ya sauke hannunsa. Ta sa kafaɗa a hammatarsa, ta ja shi cikin gida da kyar, ta tura ƙofa da ƙafa.

Ta kwantar da shi a tabarma kusa da gawayin shayin, sannan ta tuna, ta yi maza ta kwashe garwashin ta kai nesa ta rufe da yashi. Ta buɗe bidon ruwan sha, wanda ba a taɓawa sai don sha da girki, ta cika tasa. Ta yanka rigar da wuƙa ta cire masa. Hannun ya kumbura ya karkace, sai an kai shi wurin mai ɗori, idon kuma sai likita, in akwai abin da ya rage a ciki. Ta sa sabulu ta wanke gemun, da wuya, da ƙirji, tana ɗaga mayafin kaɗan-kaɗan tana mayarwa. Ruwan tasa ya koma ja, wani mai-mai na yawo a samansa. Ta bayan bango ana jin kukan Kalilu har yanzu, da muryar matarsa tana lallashin sa ya taso.

Ghissa ya motsa baki a ƙarƙashin mayafin. Ta kai kunne.

"Sun gani?"

"Sun gani."

"Duka layi?"

"Duka."

Ya rufe idonsa mai gani. Ta san ba dukan yake tambaya ba, kuma ba fuskar kaɗai ba. Tausayinsa ya kama ta, ta ci gaba da matse tsumma.

"Nawa ya rage?"

"Na gindin zogale."

"To." Ya ja numfashi da kyar. "Ruwan nan, kar ka zubar. Kai masa."

Hansai ta ɗauki tasar ta zaga bayan ɗaki. Kalilu ya tafi. Lambun na nan a buɗe ga duk mai wucewa, ganyen da ta tattake har ya fara yaushi. Ta durƙusa gindin zogalen ta ɗaga murfin, ta karkata tasar, sai warin esansi ya bugi hancinta. In ta zuba wannan, kafin jibi zogalen ya mutu, tulun ma ba zai sake yin amfani ba. Ta mayar da murfin ta danna shi da kyau.

Ta bi ta kan shingen da ya faɗi ta fita layi. Wasu mata biyu na tsaye nesa kaɗan da lulluɓi, sun zo yin sannu sun kasa ƙarasowa. A bakin ƙofarta an ajiye kwanon da ta kai kwaɗo da safe, an wanke shi an kife. Hansai ta tsaya daidai inda aka kwantar da mijinta, ta watsa ruwan da ƙarfi har ya fantsama kan tayar. Shi ne ruwa na farko da aka zubar a gidan nan tun da suka tare, kuma kafin ta sunkuya ta ɗauki kwanonta ƙasa ta shanye shi.